Ga Ɗalibin da Makinsa Ya Faɗi, Bai Faɗa wa Kowa Ba

Assalamu alaikum ƙannena ɗalibai, maza da mata.

Kwanaki wani dattijo mai sayar da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada ya ja ni gefe bayan la'asar. Ya zaro wata takarda a ninke, ya ce a jakar ɗansa ya tsince ta. "Malam, duba min, ko ta bautar ƙasa ce ta fito?" Na buɗe, sai na ga takardar sallama ce daga wata jami'a da ke wajen Filato, kwanan watan da ke jikinta ya kusa shekara biyu. Duk tsawon lokacin nan Baba yana tura kuɗin makaranta da na haya da na abinci. Bakina ya yi nauyi. Iyakar abin da na iya cewa shi ne, "Baba, bari mu zauna da yaron tukuna."

Da muka zauna, na tarar yaron ba daƙiƙi ba ne. A ƙarshen shekarar farko ya ga an rubuta masa firobeshan, wato gargaɗin ƙarancin maki, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Shekara ta biyu mahaifiyarsa ta kwanta ciwo ana tsakiyar jarrabawa, ya taho Jos jinya, bai rubuta wa makaranta ko layi ɗaya ba. Kwasa-kwasan da bai zauna ba duk suka fito da F. Uzurinsa mai ƙarfi ne, irin wanda ake saurara, amma bai kai shi inda ake sauraro ba.

Da yawanku kun shekara biyu a jami'a ba ku taɓa buɗe littafin ƙa'idojin da aka ba ku ranar rajista ba. To ga abin da ke ciki a taƙaice. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, 70 zuwa sama A ce, maki 5. Daga 60 zuwa 69 B, maki 4, haka ake saukowa har E, wato 40 zuwa 44, maki 1. Ƙasa da 40 F ce, sifili. Kowane maki ana ninka shi da yunit ɗin kwas, wato nauyin da aka ba kwas ɗin, sannan a raba jimilla da yawan yunit. Nan ne ake yaudarar kai. Ka ci A a kwas mai yunit 1, ka faɗi mai yunit 3, ka tara maki 5 a kan yunit 4, wato 1.25. Kana ta murnar A, alhali kwas mai nauyin ya riga ya ja ka ƙasa.

Idan shekarar karatu ta ƙare CGPA ɗinka, wato matsakaicin duk makin da ka tara tun shigarka, bai kai 1.00 ba, a wasu makarantun kuma 1.50, sai a sa ka a firobeshan. Ma'anarsa an ba ka shekara guda ka gyara. Idan ta ƙare ba ka haye ba, sai sallama, ko a ba ka damar komawa wani sashen in akwai mai karɓarka. Je ka duba wane adadi makarantarku ta ajiye, kada ka dogara da na abokinka da ke wata jami'a.

Ina so ku tsaya a kan lissafin nan, don shi ne ke cire tsoro. A ce ka ɗauki yunit 40 a shekarar farko, ka fita da 0.90. Maki 36 ke nan ka tara. Ka sake ɗaukar yunit 40 a shekarar firobeshan, kana son kaiwa 1.50. Kana buƙatar maki 120 a kan yunit 80, saura 84 ke nan, wato 2.10 a wannan shekarar. Ɗan sama da D ne kawai. Wanda ke zuwa lakca, yana rubuta tes, yana miƙa asaimen, wallahi zai iya. Amma ka ga wannan damar tana ƙanƙancewa duk samista, domin yawan yunit ɗin da ka tara yana ƙara wa CGPA nauyi, ya zama kamar turin mota a hawan dutse. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kariyoba ma, wato kwas ɗin da ka faɗi za ka maimaita, tana da nata sharrin. A tsarin da akasari ake bi, F ɗin farko ba ta gogewa don ka ci kwas ɗin daga baya, duka biyun ake lissafawa. Kuma ita za ka fara yi wa rajista kafin sababbin kwasa-kwasai, ga shi ba a wuce yunit 24 a samista. Idan ta taru sai ta ture na bana zuwa baɗi, ka wayi gari abokanka sun tafi kai kana sifil oba, wato ƙarin shekara bayan wa'adin karatunka. Shi ma yana da iyaka: digirin shekara huɗu, galibi shekara shida ce ƙurewarsa. Ku haɗa da yajin aiki irin na ASUU a 2022 da ya ci wata takwas, ku tuna wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa hukumar bautar ƙasa, NYSC, ke ba shi, ba ya shiga sansani.

Sai maganar rangwame, inda na fi ganin ana asara. E, akwai shi. Ana ɗage wa ɗalibi samista ko shekara saboda ciwo, haihuwa, rasuwa ko rashin kuɗi. Ana duba wanda ya rasa jarrabawa da dalili. Ana karɓar ƙorafin wanda makinsa ya ɓace, ko yake neman a sake duba takardarsa. Wani lokaci har a ƙara wa mutum wa'adi. Amma duk a rubuce ake nema, ta hannun shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya, kuma majalisar jami'a, Sanet, ita ke da ta cewa. Takardar asibiti ma yawanci sai asibitin makaranta ya tabbatar da ita. Lakcara ya ce maka "ba komai, zan duba" a bakin ofis, wannan ba izini ba ne. Gobe a yi masa canjin aiki, wa zai shaide ka? Ka rubuta, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka, ka adana. Kuma ka rubuta lokacin da abin ke faruwa. Bayan Sanet ta amince da sakamako, gyara ya zama jan aiki.

Rangwame kuma ba gadon kowa ba ne. Wanda bai cika kashi 75 cikin 100 na halartar lakca ba saboda barci ko harkar kirifto, ba shi da abin rubutawa. Masu ce muku "kawo wani abu, na san wani a sama" kuwa, ku guje su. Wanda aka sallama don ƙarancin maki yana iya sake JAMB da mutuncinsa, wanda aka kora kan maguɗi tabon na bin sa.

Ƙannena mata, ku ne kuka fi yin shiru. Aure ya zo, ciki ya zo, laulayi ya hana ki fita, sai ki ɓace samista guda ba takarda. Ki aiki maigida ko yayanki da wasiƙar neman ɗagewa. Lebul kodineta, wato malamin da ke kula da ajinku, aikinsa ke nan, ba alfarma yake miki ba.

Iyaye kuma, in kun ji firobeshan kada ku fara da zagi, zagin nan ne ke sa su ɓoyewa. Ku riƙa cewa a buɗe muku fotal, wato shafin ɗalibi na intanet, a waya ku ga sakamako da idonku, ko ku sa wani ya karanta muku.

Yaron Farin Gada dai shi da bakinsa ya faɗa wa mahaifinsa, ina zaune. Baba ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da fom ɗin JAMB bana.