An cika kalanda da bukukuwan al'ada, an ce wa mai tatsuniya ta taƙaita

Layi ɗaya ne a jikin katin gayyata ya fitar da ni daga gida a makon jiya: daren tatsuniya, daga bakin iyayenmu mata. Wata ƙungiyar raya al'adu ce ta shirya taron a ɗakin taro na wani otal a nan Kano. Na ɗauki 'ya'yana biyu, domin rabonsu da jin tatsuniya daga bakin tsohuwa tun rasuwar mahaifiyata.

An ce ƙarfe huɗu na yamma, ba a fara ba sai bayan magariba saboda jiran babban baƙo. Aka yi jawabin maraba, shugaban taro ya yi nasa, uban taro ya yi nasa, wakilin wane da wakilin wane suka yi, sannan aka shiga rabon lambobin yabo. Duk wanda ya karɓi abin magana sai ya koka cewa yaran yanzu ba su san Gizo da Ƙoƙi ba. Ita kuwa tsohuwar da aka ɗauko daga cikin birni don ta sanar da yaran Gizo da Ƙoƙi, tana zaune a kujerar roba can gefe tun la'asar, ita da jikanta.

Sai wajen tara da rabi aka kira ta. Manyan baƙi sun watse, yawancin yara sun yi barci a cinyar iyayensu. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mutanen da suka amsa da "Ta zo mu ji ta" ba su kai goma ba. Duk da haka ta kama tatsuniyar ruwan Bagaja, ta kai inda 'yar bora take bin koguna ɗaya bayan ɗaya tana rera waƙa tana tambaya ko su ne ruwan da aka aike ta nema. Muryarta ta fara buɗewa ke nan, 'yata ta gyara zama, sai mai gabatarwa ya matso ya ce, "Inna, a taƙaita mana, a tsallake waƙar nan, masu hoto za su tafi." Ta tsallake. Cikin minti goma sha biyar aka yi ƙurunƙus, aka jera don hoto.

Da a ce wannan kuskuren ƙungiya ɗaya ne da ban ɓata tawadata ba. Abin da ya sa nake rubutu shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko da masu shirya taruka, wai al'adun Hausawa suna farfaɗowa, hujjarsu kuwa ita ce kalanda ta cika. Lallai ta cika. Tun 2015 ake bikin Ranar Hausa ta Duniya duk 26 ga Agusta, kuma abin da ya faro a shafukan sada zumunta yanzu ya shiga fadoji da jami'o'i, har Nijar da Ghana. Kaduna ta ga bikin littattafai na KABAFEST daga 2017, ta ga na HIBAF a 2021. A watan Disambar 2024 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Ga makon al'adu na ɗaliban sashen Hausa a kusan kowace jami'a da kwalejin ilimi. Ban raina ko ɗaya ba, wasunsu ma sun yi aikin da ya kamata a yaba. Amma yawan taro ba shi ne rayuwar abin da aka taru dominsa ba, kuma tatsuniya ce ta fi kowa shaida hakan.

Hawan doki abin kallo ne, yawan 'yan kallo ƙara masa armashi yake yi. Tatsuniya ba haka take ba. Da amsa take farawa: idan ba a ce "ta zo mu ji ta" ba, mai bayarwa ba ta da izinin ci gaba. Tana son dare, har ma a gidanmu ana tsorata mu cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata a kasuwa, sai fa in an ɗaure Gizo tukuna. Wannan ba camfin banza ba ne, hanya ce ta keɓe mata lokacinta bayan an gama aikin yini, an ci tuwon dare, an shimfiɗa tabarma. Tana son yaro ya katse ya yi tambaya, tana son a kwaikwayi tsamin bakin Gizo har a yi ta dariya, tana son a fara da 'yan kacici-kacici don a ɗumama wuri. Fiye da komai tana son maimaici. Waƙar nan da aka ce wa Inna ta tsallake, ita ce ƙashin bayan labarin. A kogi na farko yaro sauraro yake yi, a na biyu yana motsa baki, kafin a kai na huɗu shi ke rerawa. Ta haka yaron da aka ba wa tatsuniya yau yake zama mai ba ƙannensa gobe. Wanda ya cire waƙar ya bar wa yaron labari, amma ya yanke hanyar da labarin zai bi ya wuce shi zuwa wani.

Kuma labarin ai ba shi ne ke cikin hatsari ba. An daɗe da killace shi a takarda. Tsakanin 1911 da 1913 wani Baturen mulki, Frank Edgar, ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a mujalladi uku, daga rubuce-rubucen ajami da malamai suka yi wa Turawan mulki. A 1913 ɗin wani Baturen, Rattray, ya buga nasa, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A farkon shekarun 1970 marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai shida da da yawanmu muka karanta a firamare. Duk mai son sanin yadda Gizo ya yaudari kura zai samu a ɗakin karatu. Abin da babu shi a kan kantar littattafai shi ne bakin da zai faɗa, da zaman da za a yi a saurara. Su ne ke ƙarewa, tsohuwa bayan tsohuwa.

Akwai wani abu a tarihin nan da ke ci mini rai. Kowa ya san mata ne iyayen tatsuniya: kaka, goggo, inna, amaryar da yaran gida ke taruwa a ɗakinta. Amma sunayen da suka shiga bangon littafi a zamanin Turawa na jami'an mulki ne, sai ɗan abin da ba a rasa ba na malaman da suka rubuta. Matan da labaran suka fito daga bakinsu galibi ba a san sunayensu ba. Bayan shekara fiye da ɗari, mu da kanmu muke maimaita wannan rashin adalci. A takardar jadawalin taron nan an rubuta sunan kowane babban baƙo da sarautarsa da digirinsa. Wajen tatsuniya abin da aka rubuta kawai shi ne "wata dattijuwa". An biya kuɗin otal, an biya mai kiɗa, an biya masu hoto, an buga alluna. Na tambayi jikanta a bakin ƙofa, ya ce kuɗin mota aka ba su a ambulan. Wannan ba karramawa ba ce, aron mutum ne don a ƙawata hoto, kuma ya kamata masu yin haka su ji kunya.

Na san amsoshin da za a ba ni. Wasu za su ce zamani ya wuce tabarma, a mayar da Gizo katun a zuba a YouTube. A yi, amma waya ba ta jiran yaro ya amsa, ba ta kuma lura ya tsorata ta sassauta muryar Dodo. Wasu za su ce ai ƙarya ce ake koya wa yara. Waɗannan su saurari yadda ake rufe ta, da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", domin ba ta taɓa ɓoye wa yaro cewa ƙagagge ce ba. Masu cewa da zarar duniya ta san da abu ya tsira kuwa, su dubi dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh a Maroko, wanda UNESCO ta karrama tun 2001 musamman saboda masu ba da labarinsa, amma tsofaffin masu labarin suka ci gaba da raguwa a gaban idon 'yan yawon buɗe ido.

Uzuri ɗaya ne nake ganin nauyinsa. A ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato, 'yan bindiga sun kashe dandali, ba uwar da za ta bar ɗanta a waje bayan isha'i komai hasken farin wata. A birni kuma gidan gandu ya watse, kowa ya koma gidan haya da matarsa da 'ya'yansa, kaka tana wata unguwa ko wani gari. Gaskiya ne. To amma wannan ai shi ya ɗora wa masu shirya taruka nauyin da suke wasa da shi. Idan gida ya daina iya haɗa tsohuwa da yara, duk wanda ya samu damar haɗa su na dare ɗaya amana ya karɓa, bai kamata ya ƙarar da daren wajen jawabi ba.

Abin da nake nema bai kai kuɗin allo ɗaya na talla ba. A rage bikin rabon lambar yabo guda a shekara, a mayar da kuɗin ga zama ɗaya duk wata, ko a harabar Gidan Ɗan Hausa, ko a filin wata firamare, ko a ƙofar gidan mai unguwa. Tabarma, fitila, yara a gaba, manya a baya, babu babban tebur, babu jawabi. A rubuta sunan mai tatsuniya da manyan baƙaƙe, a biya ta kamar yadda ake biyan mawaƙi, a bar ta ta yi waƙarta sau nawa take so.

A hanyar komawa gida 'yata ta roƙe ni in rera mata waƙar 'yar bora. Baiti ɗaya ya zo mini, sauran sun tafi tare da mahaifiyata. Kafin mu rabu na roƙi jikan tsohuwar ya nema mana izini wurinta, kuma ta amince in kai yaran gidanta ranar Juma'a bayan sallar isha'i, ta faro daga kogi na farko.