Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Likitan da ya yi mini aikin gwiwa ya kafa mini dokoki uku: ban da tsuguno, ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da zama a kujerar da ta yi ƙasa. Wata bakwai ina bin su sau da ƙafa, ko salla a kan kujera nake yi. Ranar da kuɗin sallamata daga wurin aiki suka shigo, ranar ce tsohon kwaɗayina ya farka.

Tun ina yaro a Zariya akwai wani Bature mai koyarwa a Samaru, yana da 'yar jar mota marar rufi. In ya wuce, mu bi shi da gudu har ƙura ta rufe mu. Sai da na girma na san sunanta MG. Ga shi kuma Allah ya kawo ni Coventry a Ingila, garin da aka ƙera motocin Triumph da Jaguar, shekara 26 ina kallon tsofaffin Turawa suna fito da irin motocin nan duk ranar da rana ta leƙo. Na ce wa Hajiya lokaci ya yi.

Ko ɗagowa ba ta yi daga yankan albasa ba. "Alhaji, kai da sai ka nemi kujera kafin ka sa takalmi? To, Allah ya ba da sa'a. Wanda ya hau motar kwaɗayi dai an san tashar da yake sauka."

Na yi kamar ban ji ba.

Autana ne ya samo tallar a intanet: MG Midget, ƙirar 1972, ja kamar ta Baturen Samaru. Da ina da wayo, sunan kaɗai ya isa gargaɗi, don Midget wada ke nan. Muka tafi ranar Juma'a daga masallaci kai tsaye, ina sanye da babbar riga ta shadda wadda ta sha sitaci, ga hula, ga sanda. Mai motar wani dattijo ne siriri kamar tsinken tsire. Ya dube ni, ya dubi motar, ya sake dubana, ya ce ko zan fara shan shayi. Yanzu na gane lokaci yake ba ni in sake tunani.

A Ingila direba a dama yake zama, saboda haka ƙafar hagu ce ke fara shiga. Ita ce kuwa mai ciwon. Na miƙa wa auta sanda, na tattare riga, na zura ƙafar ƙarƙashin sitiyarin da ya kai faɗin faifai, na yi bisimilla na saki jiki. Na faɗa kamar buhun masara. Motar ta yi wani nishi. Sitiyari a cinyata, kafaɗata a jikin ƙofa, in na sauke hannu waje ina iya shafa kwalta. Amma wallahi na ji daɗi! Ƙamshin tsohuwar fata da fetur, ga agogunan nan masu allura. Na ce auta ya ɗauke ni hoto.

Dattijo ya ce in taka kuloci. Na taka. Gwiwa ta ce ƙas, na ji ta har tsakiyar kaina. A nan ciniki ya mutu, ko makulli ba a murɗa ba. Na ce to madalla, bari in fito.

Wannan "bari in fito" ta ci minti ashirin.

Ƙofar ba ta fi murfin akwati ba, kuma don ka fita sai ka naɗe ƙafa ka ɗaga ta sama da dokin ƙofa, sannan ka miƙe daga kusan ƙasa da ƙarfin gwiwa, abin da ba ni da shi. Na dafa gilashin gaba zan ja jikina, dattijo ya yi tsalle yana roƙon kada in taɓa, wai zai lanƙwashe. Hannun rigata ɗaya ya naɗe giya, ɗayan ya maƙale a birkin hannu. Ana cikin haka sai ruwan Ingila, wanda ba ya sallama, ya sauko. Bawan Allahn nan ya ce kujerunsa za su jiƙe, ya jawo tamfol ya rufe motar da ni a ciki. Hanyar sama, wadda nake sa ran a ciro ni ta nan kamar guga, ta toshe.

"Abba, ka fara fito da kai," in ji auta.

"Kai, rufe mini baki! Haihuwata za a yi?"

Ƙarshe dai shawararsa aka bi. Kai ya fito, hannuwa suka dafa jiƙaƙƙiyar ciyawa, sauran jiki ya biyo baya da rarrafe. Hula ta gangara ƙarƙashin mota. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta kan shinge, ta gan ni goshi a ƙasa cikin babbar riga, ta ja da baya a hankali tana ba da haƙuri, wai ba ta san ibada nake yi ba.

Kwana uku ina kwance da ƙanƙara a gwiwa. Hajiya ba ta ce uffan ba, abinci kawai take ajiyewa tana murmushi, wanda ya fi zagi zafi. A kwancen nan na yi binciken da ya kamata in yi tun farko. Na gane abin da mai irin ƙafata zai auna kafin ya kalli fenti: tsayin kujera daga ƙasa, faɗin ƙofa, kaurin dokin ƙofa, nauyin kuloci da na sitiyari.

Triumph Spitfire, ƙanwar Midget ce a wajen ƙasƙanci, na tsallake. Jaguar E-type ta 1961, wadda kowa ke yabon kyanta, dokin ƙofarta sai ka ce katangar makaranta, kuɗinta kuma ya tsamar da ni daga wahalar gwadawa. Lotus Seven ko ƙofar ma babu, ta sama ake dirawa. Sai MGB, wadda aka ƙera sama da rabin miliyan a Abingdon daga 1962 zuwa 1980. A 1974 an ɗaga ta kamar inci ɗaya aka sa mata baƙar bamba ta roba saboda dokokin Amurka. Masana suna raina wannan ƙirar, ni kuwa incin nan ya fi mini zinariya. Na ce sai in nemi mai giya otomatik, in huta da kuloci. Ashe an daina yin otomatik ɗin tun 1973, shekara guda kafin a ɗaga motar. Wato ko ka ceci gwiwa wajen tuƙi, ko ka cece ta wajen fita. An sayar da kare an sayi biri.

Wani bakanike ne ya ce in duba Triumph Stag, ta 1970 zuwa 1977: kujera huɗu, ƙofa mai faɗi, sitiyari mai laushi, otomatik ba wuyar samu, kuma akwai wani ƙarfe a sama da za ka kama ka miƙe. Ta haura shekara 40, don haka ba harajin hanya. Ya ce aibinta ɗaya, injinta ya yi suna wajen zafi, sai ana lura da lagireto.

Wannan karon na je da wando da 'yar shara. Kafin in tambayi farashi sai da na shiga na fita sau biyar, mai motar yana kallona kamar mai aljanu. Na saya. Shuɗiya ce, ba ja ba, kuma ba ta yi kama da ta Baturen Samaru ko kaɗan. A but ɗinta akwai jarkar ruwa da buta, ni da lagireto muke rabawa. Hajiya ta shiga sau ɗaya, iska ta tafi da mayafinta a hanyar Warwick, ta ce ita da motar nan sai dai a gaisa daga nesa.

Abin da ban sani ba, auta bai tsaya a hoto ba, bidiyon fitowata daga Midget ya ɗauka tun daga farko har gangarawar hula, ya kuma saka a zauren WhatsApp na dangi. Da asuba yayata ta bugo daga Zariya tana salati, wai a gaya mata gaskiya, mutum nawa ne suka rasu a hatsarin.