Kada a mayar da surau darasin jarrabawa

Na ji daɗin wani rahoto da na karanta kan shirin sanya al'adun ƙabilar Minangkabau cikin manhajar karatun addini a Sumatra ta Yamma, ƙasar Indunusiya. Mutanen nan suna da kirari da suke yi wa kansu: al'ada ta jingina da shari'a, shari'a ta jingina da Littafin Allah. Har dokar lardin ta 2022 ta ambace shi.

Abin da ke damuna shi ne surau, wato ƙaramin masallacinsu na unguwa. A da can, yaro namiji a surau yake kwana, ya koyi Alƙur'ani, ya koyi silek, wato wasan kare kai, ya koyi yadda ake magana gaban dattawa. Wannan tarbiyya ce ta zama tare, da wuya darasin aji ya maye gurbinta.

Sai maganar gado. Gonakin dangi ta wajen uwa suke bi, abin da mutum ya nema da guminsa kuma a raba bisa shari'a. Don Allah a koya wa yara yadda malamansu suka daidaita wannan, kada a ɓoye musu. Kuma a tuna da 'yan mata, domin tun 1923 wata malama mai suna Rahmah El Yunusiyah ta buɗe musu makaranta a garin Padang Panjang da ke lardin.