Ministoci 14 na Nehru da ministocinmu 45

Duk wanda ya zauna a Indiya, ko a Delhi ko a ƙaramin gari na Uttar Pradesh ko Maharashtra, ya san mutum-mutumin nan da ake kafawa a bakin unguwannin talakawa: mutum mai tabarau, sanye da shuɗiyar kwat, hannu ɗaya ya rungume littafi, ɗayan yana nuni da yatsa. Dakta Bhimrao Ambedkar ke nan, littafin kuma kundin tsarin mulkin ƙasar ne. Abin da ya kamata ɗan Najeriya ya lura da shi a nan shi ne, wannan mutum ya yi minista ne a gwamnatin Nehru ta 1947, ta jam'iyyar Congress da ya shafe shekaru yana caccaka, ita da Gandhi baki ɗaya. Mu da muke zaune nesa da gida, duk lokacin da aka fara jiran sunayen ministoci a Abuja, ana lissafin wace jiha ta samu me, wannan majalisar ministoci ta 1947 ce take faɗo mana a rai.

Ranar 15 ga Agustan 1947 Indiya ta samu 'yanci cikin jini. An yanke Pakistan daga jikinta, miliyoyin mutane suna gudun hijira ta kowane ɓangare, dubban ɗaruruwa sun rasa rayukansu. A cikin wannan hali Jawaharlal Nehru, firaminista na farko, ya kafa majalisar ministoci mai mutum 14 kacal, har da shi kansa. Ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a hannunsa. Sardar Vallabhbhai Patel ya zama mataimakin firaminista kuma ministan cikin gida, aka kuma ɗora masa aikin shawo kan masarautu sama da 500 da Turawan Ingila suka bari da zaɓin inda za su dosa. Rajendra Prasad, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na farko, ya karɓi abinci da noma.

Musulmi biyu ne a ciki. Maulana Abul Kalam Azad, malamin tafsiri wanda ya yi adawa da raba ƙasar, ya karɓi ilimi, Rafi Ahmed Kidwai ya karɓi sadarwa. Tsaro ya tafi hannun Baldev Singh, mabiyin addinin Sikh, a daidai lokacin da yankinsa na Punjab ke cin wuta. Kiristoci biyu: John Mathai a jiragen ƙasa da sufuri, sai Rajkumari Amrit Kaur, mace ɗaya tilo a majalisar, a lafiya. Kasuwanci ya je ga C. H. Bhabha daga 'yan tsirarun Parsi. Daga cikin Dalit, wato waɗanda al'adar Hindu ta ajiye a ƙasan kowa har ba a shan ruwa a rijiya ɗaya da su, akwai Jagjivan Ram a ƙwadago da Ambedkar a shari'a. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ministocin ba 'yan jam'iyyar Congress ba ne. Shanmukham Chetty, wanda aka ba ma'aikatar kuɗi, daga wajenta ya zo. Haka Syama Prasad Mookerjee, jigo a ƙungiyar Hindu Mahasabha mai ra'ayin da ya yi hannun riga da na Nehru, aka ba shi masana'antu.

Babu wani sashe na doka da ya tilasta wa Nehru yin haka. Kuma abin da ya fi jerin sunayen muhimmanci shi ne nauyin kujerun. Ba a ɗauko ɗan tsiraru an ajiye shi a ƙaramar kujera don a cike hoto ba. An ba ɗan Sikh sojoji, an ba ɗan wajen jam'iyya baitulmali, an ba ɗan adawa ma'aikatar shari'a, sannan a ranar 29 ga Agustan 1947 aka naɗa shi shugaban kwamitin rubuta tsarin mulki. Azad ya zauna a ma'aikatar ilimi har rasuwarsa a 1958, shi ya sa ranar haihuwarsa, 11 ga Nuwamba, ta zama ranar ilimi ta ƙasa. Amrit Kaur ta shekara goma a lafiya, a hannunta aka kafa babban asibitin koyarwa na AIIMS a Delhi a 1956. Wanda ya taɓa wucewa ta ƙofarsa da dare ya ga marasa lafiya daga jihohi masu nisa sun shimfiɗa barguna a gefen titi suna jiran layin safe. Minista ba ya gina irin wannan a wata goma sha takwas.

Haɗin bai daɗe ba, kuma dalilan watsewarsa su ma darasi ne. Chetty ya gabatar da kasafin kuɗi na farko a Nuwamban 1947, ya sauka a 1948 bayan ce-ce-ku-ce kan binciken haraji. Mathai ya gaje shi, shi ma ya ajiye aiki a 1950 saboda yana ganin sabuwar Hukumar Tsare-tsare za ta zama gwamnati a kan gwamnati, ta rage wa ministan kuɗi iko. A Afrilun 1950 Mookerjee ya fice saboda yarjejeniyar da Nehru ya ƙulla da Liaquat Ali Khan na Pakistan kan kare 'yan tsiraru, a shekarar da ta biyo ya kafa Bharatiya Jana Sangh, uwar jam'iyyar BJP mai mulki a yau. Patel ya rasu a Disamban 1950. Ambedkar ya yi murabus a 1951 da aka jingine kudurin gyaran dokokin iyali na mabiya Hindu, wanda zai ba mata gado da damar neman saki. Dokokin sun wuce daga baya, kashi-kashi, a 1955 da 1956, ba shi a kan kujera.

Ga alama wannan gazawa ce, ni dai ina ganinsa alamar lafiya. Mutum uku sun bar kujera a kan manufa, kowa ya faɗi dalilinsa a fili. A 1956 kuma Lal Bahadur Shastri ya ajiye ma'aikatar jiragen ƙasa bayan hatsarin jirgi a Ariyalur. Abin da ke sa haka ya yiwu yana cikin tsarin ne. A Indiya dole minista ya kasance ɗan majalisa. Idan an ɗauko shi daga waje, sashe na 75 ya ba shi wata shida ya samu kujera a ɗaya daga majalisun biyu, in ba haka ba muƙamin ya faɗi. Ta wannan ƙofa Manmohan Singh ya zama ministan kuɗi a 1991, sannan ya shiga majalisar dattawa ta ƙasa yana wakiltar jihar Assam. Saboda haka wanda ya yi murabus yana komawa kujerarsa ta majalisa da bakinsa da magoya bayansa. A Najeriya sashe na 147 ya ce ɗan majalisar da ya karɓi rantsuwar minista ya rasa kujerarsa. Ranar da ya ajiye aiki, gida zai koma hannu rabbana. Wane ne zai ja da shugaban ƙasa a teburin majalisar zartarwa alhali ya san haka?

Mu ma mun taɓa ɗanɗana irin na Nehru. Da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama firaminista a 1957, ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, ya shigo da Samuel Akintola da Ayo Rosiji daga jam'iyyar Action Group su zauna da jam'iyyun NPC da NCNC, domin a tunkari Ingila da murya ɗaya. Abin da ya biyo bayan 1966 ne ya sa muka daina yarda da niyyar shugaba, muka koma rubuta rabon a doka. Tun tsarin mulkin 1979, wanda na 1999 ya gada, dole shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ɗan asalin jihar. Lokacin jihohi 19 ne. Yau 36 ne, dokar ba ta motsa ba. Shi ya sa a Agustan 2023 aka rantsar da ministoci 45 a rana ɗaya. Ma'aikatu masu nauyi ba su kai haka ba, sai a tsaga ɗaya gida biyu, ko a ajiye mutum a matsayin ƙaramin minista ba tare da an fayyace aikinsa ba, ya shekara huɗu yana jiran fayil daga babban minista. Jiharsa ta samu suna, ba ta samu murya ba. Taron tsintsiya ba shara.

Indiya ma ta sha fama da kumburin majalisar ministoci a zamanin gwamnatocin gamin gambiza, inda ake sayen goyon baya da kujera. A 2003 suka yi gyara na 91, suka ƙayyade cewa ministoci ba za su wuce kashi 15 cikin 100 na majalisar wakilai ba. Kujeru 543 ne, iyaka ke nan 81. Ministocin nasu kuma hawa uku ne: manyan ministoci, ƙananan ministoci masu cin gashin kansu a wata ma'aikata, da ƙananan da ke ƙarƙashin wani. A 2024 an rantsar da mutum 72, amma manyan ministoci 30 ne ke zaman yanke shawara tare da firaminista. Sha'anin tsaro kuma yana hannun kwamitin mutum biyar: firaminista da ministocin tsaro, cikin gida, kuɗi da harkokin waje.

Sai dai a wannan rantsuwar ta 2024 babu Musulmi ko ɗaya cikin 72, a ƙasar da ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun haura kashi 14 cikin 100. Wannan yana damuna matuƙa, kuma shi ya sa ba na cikin masu cewa a soke dokar daidaiton rabon muƙamai a Najeriya. Abin da Nehru ya yi da ra'ayin kansa, wani ya zo ya warware da ra'ayin kansa, doka ba ta ce masa uffan ba. Sashe na 14 na tsarin mulkinmu, wanda ya hana wasu jihohi ko ƙabilu ƙalilan mamaye gwamnati, katanga ce da ya kamata mu riƙe. Kuskurenmu shi ne mun auna wakilci da yawan kai. Dokar ta ƙirga jihohi, ba ta ce komai kan wanda zai riƙe kuɗi, tsaro, mai, ayyuka da shari'a ba, alhali nan ne ƙorafin danniya yake tasowa a kowace gwamnati.

Da za a mayar da ma'aunin kan shiyyoyi shida, a ce kowace ta samu manyan ministoci uku ko huɗu, da an tsaya tsakanin 18 da 24, kuma a rubuta cewa manyan ma'aikatun nan ba za su taru a shiyya ɗaya ba. Na san wuyarsa. Gyaran tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, kuma babu jihar da za ta saki kujerarta cikin daɗin rai. An dai taɓa sashe na 147 a 2023, lokacin da aka ɗaure shugaban ƙasa ya miƙa sunaye cikin kwana 60, bayan an ga yadda ƙasa ta zauna ba ministoci daga Mayu zuwa Nuwamban 2015.

Akwai kuma gyaran da ba ya jiran kowa. Yanzu galibi ana aika sunaye majalisar dattawa ba tare da ma'aikatar kowa ba, sanatoci su yi wa likita tambaya kan asibiti, gobe a ji shi a wata ma'aikata daban, tsofaffin 'yan majalisa kuma a ce su rusuna su wuce. Babu sashen da ya hana shugaban ƙasa rubuta ma'aikatar kowane mutum a gefen sunansa cikin wasiƙar da yake aikawa. Idan ya yi haka, kwamitin da ke kula da wannan ma'aikata zai iya zama da mutumin ya tambaye shi kan kasafinta da basussukanta da ayyukanta da suka tsaya, kowace shiyya kuma za ta ga abin da ta samu tun kafin a kai ga rantsuwa.