Dutsen Bretagne da Ƙasar Agadas

Shekarata ta huɗu ke nan a Brest, a bakin tekun yammacin Faransa, amma sai bana wani abokin aikina ya ja ni zuwa ƙauyen Guimiliau, duk a nan yankin Bretagne. Ni Musulmi ne, mutum-mutumi ba ya cikin ibadata, don haka kallon gini na je yi.

Ƙauyen bai kai wata unguwar Damagaram yawan jama'a ba, amma a harabar cocinsa akwai wani dandamali na dutse da aka sassaƙa tsakanin 1581 da 1588, da gicciye a bisa, da siffofin mutane kusan 200 suna ba da labarin Annabi Isa yadda Kiristoci suka ruwaito shi. Na daɗe tsaye gaban wata mata da suke kira Katell Gollet, aljanu na jan ta zuwa bakin wuta, gansakuka ta kama kuncinta. Wa'azi ne aka yi wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Ba sarki ne ya biya kuɗin ba. Manoma ne da masaƙa da suka samu arziki da yadin lilin da ake kaiwa Ingila da Sifaniya, ƙauye na gasa da ƙauye. Saint-Thégonnec da ke maƙwabtaka suka ɗaga nasu a 1610. Na garin Plougastel kuwa an yi shi bayan annobar 1598, bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka farfasa shi a 1944, aka bi shi aka gyara.

Nan ne raina ya sosu. Mun saba cewa ai nasu dutse ne, namu ƙasa, dole ya zube. Ban yarda ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta laka da itace, tun 1844 da aka sake ɗaga ta tana nan tsaye, don ba a daina yi mata yaɓe ba. Masallacin Juma'a na Zariya kuwa, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wani sashensa ya rufta kan masallata a Agustan 2023.

Dutsen nan na Guimiliau ma ruwan sama na cin sa. Ran da na je, wani dattijo na durƙushe da ɗan buroshi yana kankare gindin katangar, ko ɗago kai bai yi ya dube mu ba.