Wa Zai Tayar Wa 'Ya'yanka Katanga Bayan Ba Ka?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, kusan duk Juma'a muna karanta Suratul Kahfi, wasunmu ma sun haddace ta tun suna makarantar allo, amma akwai wata aya a cikinta da muke wucewa da gudu, alhali maganar gidajenmu take yi. Annabi Musa (AS) da Halliru sun isa wani gari, suka nemi mutanen garin su ba su abinci, aka ƙi saukar su. A cikin garin nan na marowata suka tarar da wata katanga ta karkata tana shirin faɗuwa, sai Halliru ya tayar da ita, bai nemi ko sisi ba. Annabi Musa ya kasa haƙuri, ya ce da ka ga dama ai da ka karɓi lada a kan wannan aiki. Da lokacin bayani ya zo, a aya ta 82, Halliru ya ce katangar ta wasu yara biyu ce marayu, akwai taskarsu a ƙarƙashinta, "kuma mahaifinsu ya kasance mutumin kirki."

Ku duba da kyau. Mutanen da suka hana baƙo loma ɗaya, da katangar nan ta zube dukiyar ta bayyana, me kuke zato za su bar wa marayu? Uban yana cikin kabari, ba shi da bakin yin magana, ba shi da hannun ɗaukar tubali, amma Allah Ya kawo wanda zai yi wa 'ya'yansa gini kyauta daga wata duniya mai nisa. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (RA) cewa an kiyaye yaran nan ne saboda nagartar ubansu, su kansu ba a ambaci wata nagarta tasu ba. Shi ya sa Sa'idu ɗan Musayyib, babban malamin Madina a cikin tabi'ai, yake ce wa ɗansa zai ƙara yawan sallarsa saboda shi, da fatan Allah Ya kiyaye masa shi, sai ya karanta wannan ayar.

Yau babu magidancin da tunanin yara ba ya hana shi barci. Ga kuɗin makaranta, ga tsadar hatsi, ga haya, ga 'yan mata sun tasa ana maganar kayan ɗaki. Kowa ka tambaya me ya sa yake wannan fafutuka, sai ya ce don yara. Wannan ba laifi ba ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya bar magadansa da wadata ya fi alheri a kan ya bar su matalauta suna miƙa wa mutane hannu. Sayen fili da gina shago da sa yaro a makaranta mai kyau duk suna cikin kula da amana. Abin da ke damuna shi ne yadda "don yara" ta zama hujjar da muke halatta wa kanmu abin da zai halaka yaran.

Allah Ya san wannan tsoro da ke zukatanmu, kuma Ya faɗi maganinsa a Suratun Nisa'i, aya ta 9: waɗanda da za su mutu su bar zuriya masu rauni za su ji tsoro a kansu, to su ji tsoron Allah, su faɗi magana madaidaiciya. Ayar da ke biye da ita, ta 10, tana magana ne a kan masu cin dukiyar marayu da zalunci, cewa wuta suke zubawa a cikkunansu. Ta 11 kuma daga ita aka fara rabon gado. Wato a tsakiyar maganar marayu da gado Allah Ya tuna mana da namu 'ya'yan.

Kowa ya san irin gidan da nake nufi. Mutum ya rasu ya bar mace da ƙananan yara da gona da gida. Ana gama sadakar uku sai baffan yara ya karɓi takardun, ya ce shi zai riƙe musu har su yi hankali. Damina ta zo ya noma gonar, kaka ta yi ya kai wa matar ɗan'uwansa 'yan dammuna kaɗan kamar sadaka yake ba ta, ita kuma ta durƙusa tana godiya don gudun a ce ba ta da kunya. Yara suka girma, babban ya yi gemu, ya zo da ladabi ya ce Baffa maganar gonar Baba fa, sai a ce masa ai ba a tayar da irin wannan magana, zumunci za ka ɓata. Matan cikinsu kuwa ba a ma sa su a lissafi, wai ai suna gidan aure, gona ta maza ce, alhali Allah da kanSa Ya yanka wa mace rabonta a cikin Littafinsa. Shi wannan baffan yana sahun farko a masallaci, kuma yana da nasa ƙananan da yake so kamar ransa. Malam, idan kai ne, tsaya ka tambayi kanka: da wane ido kake son a dubi naka ranar da aka ɗauke ka zuwa makwanci? Gonar nan da kake ganin ka ƙara wa 'ya'yanka, rigima ka bar musu da haƙƙin da zai bi su, su je kotu da 'yan'uwansu na jini suna zagin juna kai kana ƙasa ana tambayar ka.

Haka abin yake a kasuwa da ofis. Mai awo ya buga wa mudu gindi don ya rage cinsa, mai shago ya rantse da Allah a kan kuɗin sari na ƙarya, ma'aikaci ya danne takardar bawan Allah a cikin durowa sai an ba shi na goro. Da yamma a sayo cefane da kuɗin, a dafa, yara su ci, jini da tsoka su ginu a kai. Imamu Muslim ya ruwaito hadisin mutumin da ya yi doguwar tafiya, gashinsa ya hargitse, jikinsa duk ƙura, yana ɗaga hannu sama yana ya Rabbi ya Rabbi, amma cinsa haram, shansa haram, tufarsa haram, to ta yaya za a amsa masa? Mu da babu abin da muke dogara da shi a kan 'ya'yanmu kamar addu'a, "Allah Ya yi muku albarka", "Allah Ya shirya", mu ne kuma muke toshe hanyar addu'ar da hannunmu. An ruwaito cewa Isma'ila, mahaifin Imamul Bukhari, da ajali ya zo masa ya ce bai san dirhami ɗaya na haram ko na shubuha a cikin dukiyarsa ba. Ya rasu ya bar yaro ƙarami maraya a hannun uwa. Yaron nan da aka haifa a Bukhara a shekara ta 194 bayan hijira, yau babu zauren karatun hadisi a ƙasar nan da ba a ambaton sunansa.

Iyayenmu mata, ku ma da ku nake. Idan Maigida mai albashi sananne ya fara shigowa da abin da ya fi ƙarfin albashinsa, guɗa ba ita ce amsa ba. Ana ba da labarin matan magabata cewa idan miji zai fita nema sukan ce masa ya ji tsoron Allah a kansu, kada ya kawo musu haram, domin za su iya jure yunwa amma ba za su iya jure wuta ba. Da yawa daga cikin mazan da suka sa hannu a abin da ba nasu ba, gorin cikin gida ne ya tura su: dubi gidan wane, dubi lefen 'yar wance.

Akwai wani labari da malaman tarihi suka kawo wanda duk wanda ya taɓa sayen nono a kasuwa zai gane shi. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) yana zagayen dare a Madina tare da baransa Aslam, ya gaji ya jingina da bangon wani gida, sai ya ji wata uwa tana ce wa 'yarta ta tashi ta zuba wa madara ruwa kafin gari ya waye. Yarinya ta ce Inna, ai Sarkin Muminai ya hana. Uwar ta ce Umar yana ina yanzu da zai gan mu? Yarinyar ta ce ita ba za ta bi shi a bainar jama'a ta saɓa masa a ɓoye ba, a wata ruwayar kuma ta ce idan Umar ba ya ganin mu, Ubangijin Umar yana ganin mu. Umar ya ce wa Aslam ya shaida ƙofar gidan. Da safe ya sa aka bincika, aka tarar ba ta da miji, ya aura wa ɗansa Asim ita. Suka haifi 'ya, Ummu Asim, wadda Abdul'azizu ɗan Marwan ya aura, ita kuma ta haifi Umar ɗan Abdul'aziz, halifan da ya hau mulki a shekara ta 99 bayan hijira, ya yi shekara biyu da 'yan watanni, amma har gobe da adalcinsa ake misali.

Mutum biyu suka yi zaɓi a wannan labari. Yarinya talaka a cikin duhu, ba ta san wani na jin ta ba, ta zaɓi ribar da ta fi ƙanƙanta. Shugaban Musulmi gaba ɗaya kuma, wanda da ya nema wa ɗansa 'yar kowane babban gida da an ba shi da gudu, ya zaɓi mai tallan madara. Mu kuwa yau idan aka zo neman aure, tambayar farko ita ce me yake yi, ɗan gidan wa ne, wace mota ya zo da ita. Ko yana sallar asuba, yaya yake da mahaifiyarsa, yaya yake idan ya fusata, waɗannan sai bayan an ɗaura a fara jin labarinsu daga bakin yarinya tana kuka. Manzon Allah (SAW) ya ce idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku, ku aura masa. Wanda ka ba wa 'yarka, kai ka zaɓa wa jikokinka uba.

Sai kuma ƙananan abubuwa da ba mu ɗauke su komai ba. Mai bin bashi ya yi sallama a ƙofa, ka ce wa yaro je ka ce ba na nan. Yaron ya fita ya faɗa, ya dawo yana kallon ka a kan tabarma kana shan shayi. Gobe ya yi maka ƙarya ka ɗauko bulala. Abdullahi ɗan Amir (RA) ya ce wata rana yana yaro mahaifiyarsa ta kira shi ta ce zo in ba ka, Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidan, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba za ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. A kan dabino ke nan, ga yaron da bai san komai ba.

Masu mata fiye da ɗaya, ku riƙe hadisin Nu'umanu ɗan Bashir (RA). Mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya je Annabi (SAW) ya zama shaida, Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, ya ce a'a. Sai ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci a tsakanin 'ya'yanku, kuma ya ƙi yin shaidar. Yawancin gabar 'yan ubanci da muke gani, har ta kai jikoki ba sa gaisawa a wurin jana'iza, uba ne ya dasa ta ranar da ya ɗinka wa ɗakin amarya kayan Sallah ya ce ɗakin uwargida su yi haƙuri.

Kada wani ya karanta wannan ya fara nuna gidan maƙwabcinsa da yatsa, ya ce ɗan wane ya lalace da shaye-shaye, lallai akwai abin da uban ya ci. Wannan zalunci ne, kuma ina roƙon mu da mu daina shi. Annabi Nuhu (AS) ya yi shekara 950 yana kira, ɗansa na cikinsa ya ƙi shiga jirgi, ruwa ya ci shi. Akwai bayin Allah a unguwanninmu da suka ciyar da halal, suka kai yara Islamiyya, suka yi kuka a sujada, amma Allah Ya jarrabe su da ɗa mai taurin kai, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Irin waɗannan addu'a da rufin asiri suke buƙata daga gare mu. Shiriya ta Allah ce, abin da za a tambaye ka shi ne kiwon da aka ba ka, yaya ka yi da shi.

Kai kuma da ka tashi a gidan da ba a sallah, ko gidan da ka san da me aka gina shi, kada Shaiɗan ya ce maka ai jininku ne, haka za ka ƙare. Annabi Ibrahim (AS) a gidan Azara mai gumaka ya tashi, kuma daga tsatsonsa annabawa suka fito. Ikrima ɗan Abu Jahil ne, ya musulunta ya zama sahabi. Babu rai da ke ɗaukar nauyin zunubin wani. Kana iya zama mutumin da daga kansa hanyar gidanku ta juya.

Wanda ya san akwai gonar marayu ko rabon 'yar'uwa ko kuɗin wani a hannunsa, kada ya jira ciwon ajali, lokacin da harshe ke nauyi magada kuma suna tsaye a kansa. Ya sami malamin da ya san rabon gado, a zauna a yi lissafi har da amfanin gonar na shekarun da suka wuce, a kira masu haƙƙi da shaidu a miƙa musu, ya nemi yafiyarsu da bakinsa. Idan mai haƙƙin ya rasu a ba magadansa, idan an neme su an rasa a yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je gare shi. Za a ji kunya, wataƙila a yi surutu a dangi na ɗan lokaci, dukiya kuma za ta ragu. A yi haƙuri a yi.

Rabbij'alni muƙimas salati wa min zurriyyati, Rabbana wa taƙabbal du'a. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan iyayenmu.