Lokacin tsira allura yana da muhimmanci

Na ji daɗin wani labari da na karanta wanda ya nuna cewa lokacin da aka tsira wa dabba allura, irin ta maganin gargajiyar Sinawa, yana sauya sakamako. A wani binciken Jami'ar Harvard na 2020, an tura wa ɓeraye lantarki mai ƙarfi ta allurar da aka tsira musu a wajen ciki. Idan an yi haka kafin a ba su gubar ƙwayoyin cuta, kumburi yana raguwa, amma idan gubar ta riga ta kama jiki, sai ya tsananta. Abin da ke damuna shi ne, ɓeraye da dare suke harkokinsu, alhali galibi da rana ake gwaji a kansu, lokacin barcinsu, don haka ya kamata kowane rahoto ya faɗi sa'ar da aka yi aikin.